Baba Kyari Mai Tsaron Gurbi

Ina kasuwar Diffa ina auna tattasai aka zo mini da labarin: an tsinci Baba Kyari kwance a bakin gurbi da hantsi, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin hawaye ya zo, abin da ya fita bakina shi ne, "Wa ke tare da shi?" Aka ce ba kowa. Ban yarda ba, har yau kuwa ban yarda ba.

Ƙanen mahaifina ne, shi ya koya mini su. In kogin Komadugu ya janye da rani, yakan bar gurbi ɗaya mai zurfi a ƙauyenmu, inda kurungu mai ɗigo-ɗigo kamar damisa ke fakewa har ruwa ya dawo. Tun kakanni ba a taɓa gurbin sai gidanmu ya ba da izini. In mai ƙwai ta faɗa hannunsa, sai ya lallaɓa ta saboda ƙayar bayanta, ya mai da ita ruwa, ya ce, "Wannan ba tawa ba ce, ta jikokinku ce."

Ba a gode masa ba. Wasu suka ce ma'aikatan gandun daji ke ba shi na goro, wasu suka ce da mutanen ruwa yake hulɗa. Ƙarya, wallahi! Mutumin da rigarsa biyu?

Bara ya tarar da kifi birjik a kan ruwa, ciki sama. Ya tsaya ƙofar masallaci ya ce, "Maganin ƙwarin tattasai ne. Na san warinsa, na san gonar da ya fito." Na matsa masa ya faɗi suna, ya ƙi. "Ɗana, mun yi asarar kifi, kada mu ƙara da zumunci." Da sunan ya tafi kabari, abin da ke ci mini rai ke nan.

A zaman makoki wani Alhaji mai sayen banda ya matso kusa da ni, ko fatiha ba a shafa ba, ya ce, "To yanzu wa zai buɗe gurbin?" Na dube shi da kyau. Na ce, "Bana ba a buɗewa, Alhaji. Ni ne a bakinsa."

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya ba matarsa Inna Falmata da 'ya'yansa ƙannena haƙuri. In kwanansa ne kawai ya ƙare, Allah ya yafe mini zato. In da hannun wani, Allah yana bakin ruwan ranar nan.