Shekarar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta kiran sunana. "Ke," take cewa, ko ta ce wa ƙanena, "Gaya wa waccan ta ɗauko tsintsiya," alhali ina zaune dab da ƙafarta. Hakan bai taɓa damuna ba. A Zongon Parakou kowace uwa haka take kunyar ɗanta na fari.

Ina aji uku a lekol, ƙasar tana amsa sunan Dahome, kakata ta wajen uba ta kwanta ciwo a Djougou. Rabin shekarar nan a hanya muka ci ta. Baba yakan bar wa abokin cinikinsa shanu a kara, mu hau kamyo, babbar motar kaya, bisa buhunan gishiri. Jandarmomi sukan tare mu, su ɗaga tampol su leƙa. Amma wadda na fi tsoro tana can ƙarshen hanya: Gwaggo, yayar Baba, mai sayar da goro, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba.

Tun zuwan farko ta kama haɓata ta juya ni hagu da dama.

"Wannan ai tawa ce. Ka bar mini ita riƙo."

"Yaya, tana lekol," in ji Baba.

"Lekol ɗin ne zai koya mata tuƙa tuwo? Ji yarinya, ko gaisuwa sai an kasa kunne!"

Mata suka yi dariya. Na dubi Inna, ita kuma tana duban tabarma. Ba ta da bakin magana, domin macen da ta nuna son 'yar fari a gaban dangin miji ta zama abin zunɗe.

Kowane zuwa sai Gwaggo ta sake maganar, kuma na lura amsar Baba tana ƙara gajarta. Bayan damina kaka ta rasu. Da za mu koma sadakar arba'in, na tsaya bakin ƙofa ina kallon Inna tana ɗaure kaya. A da, riga ɗaya da zane take saka mini. Ran nan ta kwashe duka, har zanen Sallah, har allon lekol da guntun allina. Ba wanda ya gaya mini Baba ya yarda. Girman ƙunshin ya gaya mini.

Safiyar komawa, Gwaggo ta rako mu tasha riƙe da wuyan hannuna. Tafinta da sanyi, yana warin ganyen goro. Ƙunshina yana bisa kanta. Baba ya hau kamyo yana jan carbi da sauri, bai waiwayo ba. Inna ta zauna cikin motar ta ba ni baya. Na ga ta kwance majanyin goyon jaririyarmu ta ɗaure, ta sake kwancewa, alhali bai yi sako-sako ba.

Ni kuwa ina tsaye a ƙasa gefen Gwaggo. Injin ya yi tari, ya tashi. Motar ta fara mirginawa.

Sai na ji sunana. Sunana na yanka, cikakke, da ƙarfi har masu tallan ƙosai suka juyo. Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin sunan a cikinta ba.

"Hawo mota!"

Direba ya taka birki. Wata tsohuwa a cikin motar ta rufe baki da mayafi. Carbin Baba ya tsaya cak.

"La'ilaha!" in ji Gwaggo. "Yau kunya ta mutu a Zongo. Ƙanena, kana ji?"

Gwaggo ta daɗe tana kallon Inna, Inna kuwa ba ta sunkuyar da kai ba. A hankali na ji yatsun Gwaggo suna sakina.

"Tafi," ta ce. "Wadda uwarta ta yi wannan abin kunya dominta ba ta riƙuwa."

Ta cilla ƙunshin cikin mota da kanta.

Har Parakou Inna ba ta dube ni ba. Da rana ta take, ta ja gefen mayafinta ta rufe mini ƙafafu.

"Ke," ta ce, "gyara zama."