Rigunan Kulob Ɗin da Ya Sallame Ni

Shekara tara na yi ina buga wa kulob ɗin hoki, wato ƙwallon gora, na wata masaƙa a Kano. A takarda ni ma'aikacin sito ne, amma kowa ya san don sandar da nake riƙewa ake ba ni albashi. Baya nake tsarewa, ta hagu, rigata lamba huɗu. Da muka yi shekara biyu a jere ba mu ɗauko kofi ba, manaja ya tara mu a gindin darbejiyar bakin fili, ya ce za a sake gina kulob tun daga tushe. Ban gane nufinsa ba sai da koci ya fara karanto sunaye kansa a ƙasa. Mu takwas aka sallama, duk wanda ya haura talatin.

Wata shida ina zaune a gida. Kawuna mai shago a Kantin Kwari ya kira ni ya ce, "Zaman me kake yi haka? Kana jin Turanci, ka saba da tafiya. Je ka Sin ka zama idona."

Haka na sauka a Guangzhou a ƙarshen shekarun casa'in. A lokacin Hausawan unguwar Xiaobei ba su da yawa, kuma yawancinsu mako biyu suke yi, su loda kaya su koma. Ni ne mai zama. Ɗakina yana hawa na goma sha ɗaya, tagarsa na kallon bayan wani benen. Idan laima ta sauko har bango gumi yake yi, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Akwai ranakun da ba na furta kalmar Hausa ko ɗaya sai a addu'ar bayan salla.

Wata Litinin na je ofishin dillalin kaya a benen Tianxiu, ya miƙo mini takardar fakas da aka aiko ta waya daga Kano. Tun kafin in karanta na gane rubutun koci. Ya ce in kira shi. Na kira.

"Lamba Huɗu! Kana lafiya? Ya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi, Koci. Ya fili?"

"Fili yana nan yadda ka san shi. Wata alfarma ce. Yaran nan ba su da kaya. Riguna ashirin da biyu muke so, da safa, da sanduna in an samu. Manaja ya ce tunda namu yana can…"

Namu. Sai ya ce, "Kana ji na?" Na ce ina ji, zan duba.

Mako guda ina yawon shagunan kayan wasanni. In na kwaikwayi bugu da hannu, sai a ɗauko mini doguwar sandar nan ta masu wasa a kan ƙanƙara. In na zana tamu a takarda, gajeriya mai lanƙwasasshen kai, sai a girgiza kai a ce "mei yo," wato babu. A wani ɗan shago kusa da babban filin wasa na tarar da wata mata mai gajeren gashi, za ta girme ni da kaɗan. Ta kalli zanen, ta kalli hannuna na hagu inda yatsu biyu suka karkace tun wani tsohon bugu. Sai ta sunkuya ƙarƙashin teburi ta zaro sanda, tsohuwa, an naɗe mariƙinta da ƙyalle. Ta ɗaga gashin goshinta ta nuna mini tabo a saman gira. Muka yi dariya tare. Rabona da dariya da wani na manta.

Turancinta kaɗan ne, Sinancina bai kai nata Turancin ba. Da ƙaramin ƙamus muka ƙarasa. Ta buga wa kulob ɗin mata na lardin shekara goma sha ɗaya, a gaba. Ta ce sanduna masu kyau daga Pakistan suke zuwa, kada in wahalar da kaina, amma riguna za ta sa a ɗinka. Ina kiran ta laoban, yadda ake kiran kowane mai shago. Ita kuma da ta ji lambata, sai ta riƙa ɗaga yatsu huɗu in ta hango ni.

Akwai wani dandamalin siminti a bayan wata makaranta. Ran Lahadi da hantsi mukan je, ita da sandarta, ni da tawa da na taho da ita a ƙasan akwati ban gaya wa kowa ba. Mu yi ta miƙa wa juna ƙwallo awa guda. Ba ma magana. Ƙarar ƙwallon kawai, da tsofaffi masu motsa jiki da ke tsayawa su kalle mu. In mun gama ta hau kekenta, ni in nemi bas.

Wata Lahadin ta ce yau ba bugu, in biyo ta. Bas biyu muka shiga zuwa bayan gari, inda tsohon kulob ɗinta ke atisaye. Na zaci za mu shiga. Sai ta tsaya a jikin shingen waya, na tsaya gefenta. Fili ne na kafet kore, an jiƙa shi da ruwa, ƙwallo na gudu a kai ba tangarɗa. 'Yan matan duk ƙanana ne. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ta ce babu wadda ta sani.

"Suna ci?" na tambaya.

"Ba sa ci. Shekara uku ba ci."

"To me aka yi ke nan?"

Ta buɗe ƙamus, ta daɗe tana nema. Abin da na tattara shi ne, ran da aka sallame ta ita da tsararrakinta an faɗa musu gaskiya: za a ɗauko yara daga makarantu, a canza fili, a canza salon wasa, kuma an yarda za a sha kashi shekara huɗu ko biyar ba a kori kowa ba. Ta nuna wata siririya mai gudu a gefen dama, ta ce wannan ta fi ta, nesa ba kusa ba.

"Daidai suka yi," in ji ta. Sai ta dafa ƙirjinta ta yamutsa fuska.

A bas na komawa na yi ta tunanin namu. Manajan yana nan. Filin yana nan da ramukansa, awaki na ratsawa ana tsakiyar wasa. Kuma kofi suke so a shekarar farko, har na ji an yi aron 'yan wasa daga wata jiha. Mu takwas kawai aka cire aka kira shi gini. Da farko wannan ya ƙona mini rai. Daga baya na ga ni ina da wanda zan ji haushinsa. Ita ba ta da shi, don kulob ɗinta da gaske zai fi kyau ba tare da ita ba, kuma ta sani.

Rigunan suka iso, shuɗi da fari. Na baza su a kan gado ina dubawa. Lamba huɗu ƙarama ce, ko kafaɗata ba za ta shiga ba. Na ninke ta na sa a tsakiya, na ɗaure kwali na kai wa dillali.

Sabuwar shekararsu ta zo, gari ya watse, shaguna suka rufe kusan mako biyu. Da aka buɗe na je, na tarar ana sayar da takalma a shagonta. Maƙwabcinta ya nuna arewa da hannu, ya kwaikwayi jirgin ƙasa. Ban san sunan garin da ta koma ba. Na ci gaba da zuwa dandamalin ina buga wa bango, har ran da mai gadi ya sa kwaɗo a ƙofar.

Bayan shekara guda wani ɗan kasuwa daga Kano ya ba ni labari a gidan abinci: kulob ya zo na uku, manaja ya ce za a sake gini, wannan karon koci aka sallama. Na sayi katin waya na kira gidansa.

"Koci, na ji abin da ya faru. Allah ya sa haka ya fi alheri."

"Amin, Lamba Huɗu. Rigunanka sun yi ƙarko, wallahi."

Daga nan ba mu sake taɓa maganar ba. Ya tambaye ni ko ana samun tuwo a can, na ce sai dai shinkafa. Na tambaye shi damina, ya ce bana ruwa ya yi. Yana cikin gaya mini wanda ya yi aure da wanda ya rasu a cikin mu takwas, katin ya ƙare.