Sunan Ɗiyar Fari

A wani ƙauye bayan Safo, inda hanyar amalanke ke karyawa ta nufi Madarumfa, da wuya a sami yaron da ba Ɗelu ce ta yanke masa cibiya ba. Ungozoma ce, gajeriya mai faɗin kafaɗa, ga baki da kaifi. Ranar da babu haihuwa takan zauna ƙofar gida tana suyar ƙuli-ƙuli, tana tsokanar duk wanda tsautsayi ya biyo da shi. Jini bai taɓa ba ta tsoro ba, kuma tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gidanta.

Aikin ungozoma a lokacin bai wuce a jira kukan jariri ba. Mace takan durƙusa a ɗaki ta haihu ba ihu ba kiran kowa, don wadda ta yi raki a naƙuda za ta sha gori har tsufanta. Sai an ji kukan sannan ungozoma ta shiga, ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta ɗora ruwan wanka.

A shekarar 1996 wata makarantar likitoci ta buɗe sabon tsari na horar da likitocin karkara. Maimakon ɗalibi ya ƙare karatunsa a birni, sai a turo shi ƙauye ya yi watanni yana koyo a cikin mutanen da zai yi wa aiki. Wanda ya faɗo yankinsu sunansa Ruben, ɗan Kiristocin Maraɗi, dogo siriri mai tabarau, mai tambayar tsiya. Shi ya tara ungozomomi goma sha biyu a Madarumfa har kwana goma, aka ba kowacce akwatin ƙarfe da sabuwar reza da sabulu da zare. Rabin abin da ya faɗa Ɗelu ta baro shi a can, amma abu biyu sun zauna mata daram. In rana ta fito sau biyu mace tana kan gwiwa, a kai ta asibiti. In kuwa ciki ya tsuke a tsakiya kamar an ɗaure shi da igiya, mahaifa ce ke shirin fashewa, nan ba a jiran kowa. Daga nan kowace Laraba Ruben yakan zo ƙauyensu a kan babur, ya kafa tebur a inuwar ƙofar mai gari, ya yi wa yara allurar rigakafi.

To, Ɗelu tana da ɗiyar fari, Atika. Wanda ya fara ƙirƙiro kunyar ɗan fari, Allah kaɗai ya san abin da ya hango, amma a ƙauyen nan ana riƙe da ita gam. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ɗelu kuwa ta fi kowa iya wannan. Tun yaye kaka ta ɗauke Atika, yarinyar ta tashi tana kiran uwarta Yaya. Shekara ashirin da ɗaya Ɗelu ba ta taɓa furta sunan nan ba, sai dai ta ce waccan, ko yarinyar nan. Mata suna yaba mata a kan haka, ita kuma tana jin daɗin yabon. Son da take wa Atika ya fi na sauran 'ya'yanta, kuma ba wanda ta taɓa gaya wa.

Da cikin Atika na fari ya tsufa, dangin miji suka maido ta gida haihuwa kamar yadda aka saba. Naƙuda ta kama ta ranar Litinin da la'asar. Ba Ɗelu ce za ta zauna da ita ba, ina, wannan ai abin faɗa ne a bakin rijiya. Aka kira Balaraba, yayar marigayi mijin Ɗelu, tsohuwa mai taurin kai, ta shiga ɗakin da ƙoƙon rubutu.

Rana ta fito Talata, ba labari. Balaraba ta leƙo ta ce zaƙi ne ke fita, yarinyar ta sha rake da yawa da cikin nan, a yi haƙuri. Ɗelu ta wuni tsakar gida tana dakan geron da ba wanda ya sa ta, kunnenta na ƙofar ɗakin. Nishin Atika siriri ne, irin na wadda ke cije zane don kada a ji. Duk nishi ɗaya sai Ɗelu ta tsai da taɓarya. Ta ƙona tuwon ranar, ta ce itacen ne ɗanye.

Rana ta sake fitowa Laraba. Sau biyu ke nan, kuma a duk ƙauyen ba wanda ya san ma'anar haka sai ita. Da Balaraba ta zaga bayan gida, Ɗelu ta ɗaga asabari ta leƙa. Atika na kwance a gefe, leɓe ya bushe ya tsage, zane ya zame. Cikin ya tsuke a tsakiya, daidai da hoton da Ruben ya nuna musu. Tsoro ya kama Ɗelu, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Da hantsi ta ji ƙarar babur, ta yafa gyale ta nufi ƙofar mai gari. Mata sun fi talatin a layi da goyo, dattawa na zaune a tabarma, kowa ya san abin da ke gidanta. Ta gaida Ruben, ya amsa da fara'a yana zuƙo magani a sirinji. Ta buɗe baki, sai ta ji idanu a bayanta. Abin da ya fito shi ne, akwai wata yarinya can unguwarsu tana ɗan jin jiki, in ya samu sarari ya leƙa. Ya tambaya ɗiyar wa ce. Ta ce ɗiyar mutane ce. Ruben ya san Ɗelu, in abu ya ɓaci ba ta rufa-rufa, kuma bai taɓa jin tana da ɗiya mai ciki ba, to ina zai ji? Ya ce maganin allurar ba ya son zafi, bari ya sallami yaran nan ya zo. Matan da ke layi suka sunkuyar da kai, don ba a shiga tsakanin uwa da kunyarta.

Ta koma gida. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta ɗauki tulu ta ajiye. Inuwar katanga na ta janyewa. Can sai ta lura nishin ya daina. Balaraba ta leƙo tana murna, wai ciwon ya lafa, yarinyar ta samu barci. Ɗelu ta san ba barci ba ne.

Ba ta tsaya neman gyale ba. Da gudu ta ratsa layin matan, ta dafa teburin har kwalabe suka kife.

"Likita, Atika ce. Ɗiyata ce, ta fari. Yau kwana biyu, kuma cikin ya ɗaure."

Wata tsohuwa ta kama baki. Ruben ya suri jakarsa, ya riga ta isa gidan. Ya taɓa cikin, ya ɗora ƙahon sauraro, ya daɗe yana saurare, fuskarsa ta canza. Ya sa aka kira Ɗan Baba mai amalanken jaki, ya ce su kama hanyar kwalta, shi zai wuce a babur ya taro ambilans daga Madarumfa. Kafin ya tada babur ya juyo wurin Ɗelu.

"Inna, kada ki bari ta yi barci. Ki yi ta kiran sunanta, ko ta amsa ko ba ta amsa ba."

Haka suka fita daga gari da tsakar rana, kan Atika a cinyar uwarta, jaki na tafiya kamar ba shi da labarin komai. Yashi ya riƙe ƙafar amalanke sau biyu, Ɗan Baba ya sauka ya tura. Hannun Atika sanyi ƙalau cikin wannan zafi. Ɗelu na kira, Atika, Atika, sunan na mata nauyi a baki don rashin sabo, masu noma a gefen hanya suna ɗagowa suna kallo. Sun kusa kwalta Atika ta buɗe ido, ta dubi uwarta da tsoro.

"Yaya, mutuwa za ni yi ko? Tunda har kin kira sunana."

"Ba ki mutuwa," in ji Ɗelu, alhali ba ta da tabbas. "Ki dube ni, Atika. Ni ce uwarki, ki dube ni."

Ambilans ta tarbe su a bakin kwalta, a Maraɗi aka yi mata aiki. Atika ta rayu, bayan an ƙara mata jini. Yaron namiji ne, bai zo da rai ba.

Ɗelu ta ci gaba da aikinta shekaru da yawa, kuma ta zama ungozomar da ba ta jiran kukan jariri. Takan kutsa ɗaki tun naƙuda na ɗanya, a zage ta a banza. Ruben ya gama watanninsa, ranar da ya zo sallama ta ja shi gefe, ta tambaye shi abin da ke cinta. Da ta faɗa masa gaskiya tun zuwanta na hantsi, da an samu yaron? Ya cire tabarau ya goge, ya ce lokacin da ya saurara zuciyar ta riga ta tsaya, amma bai san tun yaushe ba, mai yiwuwa tun jiya ne. Ta yi masa godiya, ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli a leda.

Ba ta gaya masa ba, ba ta kuma gaya wa Atika ba, cewa da safiyar Larabar nan da ta ɗaga asabari, da idonta ta ga yaron ya motsa a cikin.