Gaɓar da Haula Ba Ta Rubuta Ba

Haula ɗiyar Cindo mai hatsi ce, wanda rumfarsa ke bakin kasuwar Dakoro, wajen da motocin Maradi ke sauke kaya. A rumfar nan ta girma, tana zaune bisa buhu tana sauraren masu awo. Manomin Ɗan Gulbi ya zo ya yi cinikinsa, Bafillace ya zo da tasa Hausar, Buzu ma da tasa, kowa da yadda yake lanƙwasa kalma, alhali duk gero suke nufi. Cindo kan ce ita wannan kunne Allah ya ba ta, bakin kuwa sai an roƙa. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, a Dakoro, ta gama lise, wato sakandare, ta tafi Maradi ta karanci aikin ordinata, na'ura mai ƙwaƙwalwa. Abokan karatunta duk Yamai suka nufa. Ita ta dawo gida, saboda uwarta ta rasu, idon Cindo kuma ya soma yi masa gardama.

Wata ƙungiyar makiyaya ce ta ɗauke ta aiki. Damuwarsu ɗaya ce. Makiyaya sun sami salula, suna turo mesaje daga daji: rijiya kaza ta ƙafe, ciwon dabbobi ya ɓulla wuri kaza, gona ta cinye burtali. Saƙonnin sai su taru a wayar sakatare, kafin ya karance su wani garken ya riga ya isa rijiyar da babu ruwa. Ga rubutun kowa da irin nasa. Wanda ya ɗan taɓa lakwal ya rubuta kalmar "shanu" da ƙa'idar Faransanci, wani ya haɗa Hausa da Fulatanci cikin jimla guda, wani ya cinye rabin haruffan.

Haula ta samo wasu kayan haɗa manhaja da masana suka ajiye kyauta a intanet. An ƙera su gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, sai dai kowace gaɓa ana iya zare ta a jona wata. Ta rubuta ta farko, wadda ke yayyanka saƙo kalma-kalma. Ta biyu tana duba jerin kalmomin bisa nahawun da ta tsara, ta gane wanne ne sunan wuri, wanne ne abin da ya faru. Ta uku ta sa alama bisa taswira. Hausa ba ta ba ta wahala ba. Buzanci kuwa sai da ta nemi Agali, wani dattijo mai raƙuma da shanu daga wajen Tagriss, wanda ya daɗe yana awo a rumfar ubanta. Duk ranar kasuwa ya zauna ya yi ta jera mata sunayen rijiyoyi da kwaruruka, yana dariyar yadda take faɗinsu.

Daga baya ta ƙara wani abu, wanda ya fi komai faranta mata rai. Ta ƙirƙiro ɗan ƙaramin harshe na umarni, mai kama da Hausa, don wakilan ƙungiya su riƙa rubuta doka da kansu ba sai sun jira ta ba. Wakilin Korahane zai rubuta cewa in rijiya ta ƙafe, a sanar da duk wanda ke kusa da ita. Manhajar ta juya wannan jimla ta koma umarnin da na'ura ke bi. A ranin da ya biyo baya garke da yawa sun kauce wa ƙishirwa saboda haka, har mata suka fara aiko wa Haula da cuku da man shanu.

Cikin wannan rani ne wani mai suna Sadiƙu ya bayyana. Mutum ne fari, mai sanyin murya, da mota mai duhun gilashi. Ya ce yana aiki da wasu masu son kawo allurar rigakafin dabbobi. Ya zauna a ofis yini guda yana kallon allo. Bai tambayi rijiya ba, bai tambayi ciwo ba. Abin da ya so ya sani shi ne ko na'urar tana gane yawan garke in makiyayi ya ambata, da ko tana riƙe inda mutum yake lokacin da ya turo saƙo. Haula ta amsa masa da jin daɗi, don ba kullum take samun mai fahimtar aikinta ba.

"Madam Haula," ya ce, "ashe ke nan kowa na iya jona tasa gaɓar?"

"Duk wanda ke da mabuɗin shiga manhajar," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Da ya nemi kwafin manhajar ta ce ba nata ba ne ita kaɗai, sai dai ya nemi shugabannin ƙungiya. Ya ce ai haka ya kamata. Bayan tafiyarsa ta koma rumfar ubanta. Da ta ba Cindo labari, tsohon ya ce baƙon da ya zo sayen gero ya tsaya yana duba ƙyauren rumbu, ba gero ya kawo shi ba.

Ba a jima ba aka kawo wa ofis faranti na hasken rana da sabuwar ordinata, kyauta daga Sadiƙu. Shugabanni suka ba shi mabuɗi irin na wakilai, suka ba shi kwafin. Ba su ga dalilin gaya wa Haula ba.

Da damina ta faɗi makiyaya suka haura arewa, sai labarai suka fara gangarowa. An kore garke a can bayan kwarin Tarka. An kore wani. Satar dabbobi ba baƙuwa ba ce a ƙasar, amma wannan tana da wani tsari mai ban tsoro. Manyan garke kaɗai ake taɓawa, kuma a ranar da maza suka tafi kasuwa. Ɓarayin ba su yawon nema, kai tsaye suke zuwa.

Agali ya iso Dakoro a bayan motar kaya, ba bisa raƙumi ba. Ya zauna a rumfar Cindo, aka ba shi ruwa bai sha ba. Shanunsa duka sun tafi, da raƙuman, ƙanensa kuma yana kwance da harbi a cinya.

"Ɗiyata," ya ce, "wurin da muka sauka ko surukaina ban gaya wa ba. Wayarki kaɗai na gaya wa."

Bai faɗa da zargi ba, shi ya sa ta fi yi mata ciwo. Ta tashi ta tafi ofis da tsakar rana, ta buɗe cikin manhajar tana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen jerin ta tarar da wata wadda ba hannunta ba. Gajera ce, an rubuta ta tsaf da harshen da ta ƙirƙiro, babu kuskure ko ɗaya. Ta ce in garke babba ne, kuma wayar mai shi ta yi nisa da inda ya sauka, a sanar da wata lamba. Na'urar ta karɓa ta bi, kamar yadda Haula ta koya mata ta karɓi duk jimlar da ta zauna daidai.

Ta zare gaɓar, ta soke mabuɗan kowa, ta kai magana wajen jandarma. Suka saurare ta, suka kira lambar, a rufe. Ta Sadiƙu ma haka. Masu allurar da ya ambata ba wanda ya taɓa jin sunansu. Shugabanni suka so a ci gaba da aiki tunda an cire cutar. Haula ta ƙi. Ta ce ba za ta ƙara riƙe sanin inda mutum ya kwana da dukiyarsa ba. Ta kashe na'urar, ta bar aikin, ta koma rumfar ubanta tana awo.

Ta ɗauka magana ta ƙare nan. Da kaka, wani Bafillace ya zo awon gero, yana yi mata godiya cewa aikinta ya dawo. Ya miƙa mata wayarsa. Saƙo ne daga wata sabuwar lamba, da irin gaisuwar da ta tsara, da irin jerin kalmominta, yana gaya masa wace rijiya ke da ruwa, yana kuma roƙon ya turo inda ya sauka da yawan dabbobinsa. Kwafin yana can wani wuri yana aiki, wani yana ciyar da shi.

Tun daga lokacin Haula ke bin kasuwannin ƙauye, Korahane yau, Ɗan Gulbi gobe, tana tsayawa a kara wajen masu dabbobi tana roƙonsu kada su amsa. Agali kan raka ta wani lokaci, ya faɗa da Buzanci abin da ya same shi. Wasu su goge lambar a gabanta. Wasu su saurara da ladabi, su mayar da wayar aljihu. Wani dattijo a Korahane ya gaya mata dalili ba tare da ɓoyo ba. Ya ce ya ji, ya kuma yarda, amma lambar ba ta taɓa yi masa ƙarya game da ruwa ba, rani kuma yana tafe.