Kuben Mauser na Gidan Labuschagne

A garin Fauresmith, duk wanda ya tsinci tsohuwar bindiga a cikin kayan gado, wajen Oom Gysbert Labuschagne, wato Kawu Gysbert, yake kai ta. Shagonsa ɗan ɗaki ne a bayan gida, kullum yana warin mai da kofi. Ba ya saurin magana. Zai juya bindiga, ya leƙa bakinta, ya duba lambobinta, sannan ya faɗa maka gaskiya ko da za ka fita kana zaginsa. Mutane da yawa sun shigo da labarin jarumtar kakanninsu, sun fita da labarin cewa bindigar ko ubansu ba ta girma ba.

Shi ƙananan bindigogin da ke ɗura wa kansu harsashi yake tarawa, na zamanin yaƙi da Ingilishi. Amma abin da ya fi daraja a shagon ba bindiga ba ne. Kube ne na katako, irin na ƙaramar bindigar Mauser, wanda ake ajiye bindigar a ciki, in za a yi harbin nesa kuma a maƙala shi a bayanta a dafa a kafaɗa. Na kakansa ne. Kamar yadda mayaƙan wancan lokacin suka saba, kakan ya sassaƙa sunan matarsa a jiki da wuƙa: Aletta. Ita ta rasu a sansanin da sojojin Ingilishi suka tsare mata da yara. Shi kuwa ranar ajiye makamai ya miƙa bindigar, ya ɓoye kuben a rigarsa.

Kowane kube yana ɗauke da lambobin ƙarshe na bindigarsa. Da waɗannan lambobi Gysbert ya yi ta neman bindigar kakansa tun yana saurayi. Kasuwar gwanjo, gonakin mutane, rabon gado, babu inda bai leƙa ba. Matarsa Magriet, kafin ta rasu, takan ce masa, "Kai dai ka auri katako, ni 'yar rakiya ce." Ya yi furfura, idonsa ya raunana, kuben yana nan fayau.

Wata Laraba da hantsi Tannie Hendrina Swanepoel, wato Gwaggo Hendrina, ta shigo da ƙunshi a tawul. Bazawara ce daga wata gona ta wajen gari, mace mai tsafta har ta wuce misali.

"Gysbert, ga kayan marigayi mijina. Mahaifinsa ne ya saye ta wajen wani sojan Ingilishi a tashar jirgi, shekarar da aka gama yaƙi. Wai a nan yankin aka karɓe ta."

Ya ture kofinsa gefe, ya buɗe tawul ɗin.

Mauser ce, ƙirar da yake nema, ta shekarar da yake nema. Sai dai tana walƙiya kamar sabon cokali.

"Hendrina, wa ya taɓa ta?"

"Wa kuwa? Ai duk tsatsa ce, mutumina. Ni in kawo maka abu da datti, mutanen coci su ji? Na ba mijin 'yata, mai gyaran mota, ya sa mata injin gogewa. Yini guda ya yi a kanta, Allah ya yi masa albarka."

Gysbert ya ɗauko gilashinsa ya matsa bakin taga. Inji ya cinye wajen lambar. Ɗaya ce ta tsira, ta ƙarshe, kuma ta yi daidai da ta kuben. Sauran sun tafi, wurin ya yi sumul. Garin neman gira an rasa ido, kuma babu wanda za a kama da laifi.

Ya sauko da kuben, ya zura ta. Ta shige daidai, murfin ya rufu. Amma ya fi kowa sanin cewa duk Mauser ta wannan ƙirar haka za ta shige.

"Ka gani ko? Kamar don ita aka yi shi," in ji Hendrina. "Ko dai ta kakan naka ce?"

Babu mai ƙaryata shi a duk lardin. Da ya ce i, an gama, kuma zuciyarsa i ɗin take so, so mai zafi. Ya daɗe yana shafa sunan Aletta da babban yatsa. Har Hendrina ta fara gyara zaman hularta don rashin abin yi.

"Ban sani ba," ya ce. "Kuma yanzu babu mai sani har abada."

"Na yi ɓarna ke nan?"

"Kin yi abin da uwarki ta koya miki. Sha kofinki."

Ta bar masa bindigar kyauta, don ya faɗa mata ƙimarta ta zube. Ya zare ta daga kuben, ya rataye ta a ƙusa daban. Daga ranar bai sake zuwa gwanjo ba. In an yi masa waya cewa wata Mauser ta fito, sai ya yi godiya, ya ce a ba wani.