Tsuntsun da Ya Buɗe Bakin Wicapi

Kowa a ƙauyenmu ya san tashiyagnunpa, tsuntsun nan mai rawayan ƙirji, da yarenmu na Lakota yake kuka. Wicapi ce kaɗai ba ta jin sa. Tana shekara shida aka kwashe ta zuwa makarantar kwana, aka kankare mata yaren da bulala da sabulu, ta dawo sai Turanci. Shekara hamsin muna gulmarta a gabanta, baiwar Allah tana murmushi.

Wata safiya tana shanya, tsuntsun ya sauka kan shinge ya rangaɗa kuka. Kwandon wanki ya suɓuce mata.

"Tokala!" ta ƙwala wa mijinta kira. "Ka ji abin da ɗan banzan tsuntsun nan yake cewa? Wai hantar maraƙi akwai maiƙo!"

Tokala ya fito baki sake. "Ke tsohuwa, da wane yare kika yi min magana yanzu?"

Ta dafe baki. Sai ta zauna dirshan cikin ciyawa tana lalubo kalmomin yarenmu ɗaya bayan ɗaya: ƙasa, ruwa, doki. Da ta zo kan "uwa", kuka ya ƙwace mata.