Kujerar Baya a Falonmu

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga tuƙin bas, na ɗauka hutu ya zo gidanmu na unguwar Barking a Landan. Ko wata biyu bai cika ba ya dawo da wata tsohuwar mota a kan tirela, koriya, wadda ta girme shi da shekara uku. Injinta na tashi idan ta ga dama. Kujerunta kuwa fatarsu duk ta tsattsage, ga wari kamar na ɗakin ajiya da aka manta da shi.

"Baban yara, wannan kuma ta mece ce?" na tambaye shi.

"Ba za ki gane ba," in ji shi. "Irinta shugaban makarantarmu yake hawa a Jos."

Garejin da muke haya daga ƙaramar hukuma ya yi masa ƙunci, sai ya kwance kujerar baya ya shigo da ita falo, wai na kwana biyu. Wata huɗu ta yi. Matan cocinmu da suka zo addu'a a kanta suka zauna, ɗaya ta tashi da wayar sifirin ta cikin kujerar maƙale a zaninta. Ya ari keken ɗinkina, ya karya allura shida a yini ɗaya, ya ce keken ne ba shi da ƙarfi.

Da na gaji, ni da kaina na yi booking wurin wani dattijo ɗan Gana mai gyaran kujerun mota a Tottenham. Muka tafi tare, maigidana da niyyar a cire komai a sa jar leda mai sheƙi da sabon soso. Dattijon ya shafa fatar, ya sa hannu ta inda ta yage, ya zaro wani abu baƙi-baƙi.

"Gashin doki ke nan," in ji shi da Hausarsa ta zango. "Motan nan tsoho ne, amma fatan bai mutu ba. Ƙishi yake ji. Kai kana so ka zubar da shi ka sa roba?"

Sai dattijon ya juya kujerar, ya ga ɗinkin da aka yi a gida, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan?"

"Gwaji ne kawai," in ji maigidana.

"Wannan na gefe fa?"

Nawa ne. Wata rana da ya fita na ɗinke tsawon taƙi ɗaya, don kunyar baƙi. Dattijon ya miƙo mini basilla da zare mai kakin zuma, ya ce, "Madam, ke za ka zo ranar Asabar. Shi ya riƙa wanke fata."

Haka muka yi Asabar tara. Na koyi bin tsofaffin ramukan allura maimakon huda sababbi, da jan algarara a kan sifirin har ta yi tauri. Aka wanke gashin dokin aka tsefe shi aka mayar. Maigidana yana gefe da tsumma da gwangwanin man fata, yana shafawa a hankali, yana ba ni shawarar da ba wanda ya nema. Yatsuna suka yi kanta. Ban faɗa masa ba, amma na fara ɗokin ranar Asabar.

Ranar da aka mayar da kujerun, fatar ta yi duhu ta yi laushi, tsagun sun zama layuka sirara. Ya kira 'yarmu ta zo ta gani, yana ce mata, "Kin ga aikin da na yi?"

Ta dube ni, ta amsa da Turanci kamar kullum, ta ce ta ga hannun Mama.

Lahadi muka shirya zuwa coci. Na buɗe ƙofar motar na tarar ya shimfiɗa tsohon bargo a kan kujerar gaba, wai kada adon rigata ya karce fatar. Na naɗe bargon na miƙa masa ta taga, na zauna na gyara ɗaurin kaina. Ya shiga ya murɗa makulli. Sai a karo na uku motar ta tashi, muka isa ana waƙa ta biyu.